Ranar da Ban Rage Gudu Ba

Shekara biyar muka yi muna kwana ɗaki ɗaya da shi a gidanmu na Yelwa, tun daga ajin farko na sakandare har muka gama. Shi ɗan wani ƙauye ne na kan tudu a ƙasar Ngaski, can bayan Wara. Mahaifinsa manomi ne, kuma a zaurenmu yake sauka duk lokacin da ya kawo dawa kasuwa, domin Babanmu fataucin bandar kifi yake yi, zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Da yaron ya ci jarrabawa aka rasa inda zai zauna a gari, sai Baba ya ce a kawo shi, gida bai cika ba. Su Kirista ne. Ran Lahadi Inna kan tashe shi da wuri kada ya makara coci, kamar yadda take korata masallaci ran Juma'a. Ɗan'uwa nake kiransa, shi ma haka yake kirana.

Da muka gama, tare muka tafi makarantar koyon aikin jiragen sama, kuma dukkanmu tuƙi muka nema. Ni na samu. Shi likita ya ce idonsa na hagu yana da ɗan rauni, sai aka mayar da shi sashen masu hasumiya, wato mutanen nan da ke zaune a benen gilashi na filin jirgi suna gaya wa matuƙa ta rediyo wanda zai sauka da wanda zai jira. A lissafi ya fi ni nesa ba kusa ba, shi ya riƙa jana har na haye jarrabawar ƙarshe. Amma tun daga ranar da aka raba mu na fara ganin kaina a samansa. Ban taɓa furtawa ba. In mun dawo hutu, ni ake zagayewa a bakin kasuwa ana tambaya ko gaskiya ne daga sama ana ganin babban tafkin da ke bakin garinmu gaba ɗayansa. Shi kuwa in ya ce aikinsa magana da jirage, sai a ce, "To, Allah ya sa kai ma wata rana a ba ka tuƙin." Yakan yi dariya ya ce amin. Ni da na san nauyin aikinsa ban taɓa buɗe baki na gyara musu ba.

A shekarun da muke cikin jihar Sakkwato, kafin a yanka Kebbi, na samu aiki da wani kamfani da ke gina hanyoyin ruwa na gonakin shinkafa a wajen Shanga. Suna da ƙaramin jirgi mai inji biyu da kujera takwas, da wani fili na jan tsakuwa da suka share a bayan sansaninsu. Ni kaɗai nake tuƙa shi. Aikina in kai manyansu birni in dawo da su, wani lokaci da kayan gyaran injuna. Kowa a sansanin Kyaftin yake ce mini, ni kuwa ko talatin ban cika ba. A lokacin Baba ya riga ya rasu. In na tashi daga Shanga, sau da yawa nakan karkata in bi ta kan Yelwa ƙasa-ƙasa, ba don hanya ta biyo ta nan ba, sai don a ji ƙara a ce ga ɗan gidan wane can.

Ɗan'uwana kuma an tura shi ɗaya daga cikin filayen jiragen da nake yawan sauka. Ba sai na faɗi wanne ba. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, a wancan zamanin filin ba shi da na'urar da ke nuna wa mai hasumiya jirage a allo. In jirgi yana cikin gajimare, mai hasumiya bai san inda yake ba sai abin da matuƙi ya gaya masa. Ka ce kana mil kaza, ya rubuta. Ya ce ka yi gudu kaza, ka maimaita masa, ya duba agogon bango ya lissafa lokacin da za ka iso. Da wannan lissafin yake jera jirage ɗaya bayan ɗaya, ya bar tazara a tsakani. Duk aikin a kan maganar baki ya tsaya. In matuƙi ba zai iya abin da aka ce ba, doka ta ba shi dama ya ce ba zai iya ba, a sake masa shiri. Abin da ba a yi shi ne ka amsa sannan ka ƙi yi.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, ana marka. Manajan kamfanin yana da taro a birni da tsakar rana, amma ruwan safe ya jiƙa filinmu, sai da muka jira ƙasa ta tsane. Mun tashi a makare. Ya zauna kusa da ni a kujerar dama, ya sa abin saurare a kunne kamar yadda yake so, yana ta duba agogonsa. Mutum ne mai son a yi komai da sauri, kuma yana yabona a gaban mutane, ni kuwa yabon yana shiga kaina.

Muna gab da birni gajimare ya rufe mu ruf. Na kira hasumiya, sai na ji muryar ɗan'uwana. Da Turanci ake maganar rediyo, kuma da lambar jirgi ake kiran mutum, amma muryar da ka kwana kana ji shekara biyar ba ta ɓace maka. Na ce ina mil talatin daga fili, ina neman izinin sauka.

Ya ce, "Kai ne na biyu. Akwai ƙaramin jirgi mai inji ɗaya a gabanka, yana ɗauke da marar lafiya. Rage gudu zuwa ɗari da ashirin."

A lokacin allurar agogon guduna tana kan ɗari da tamanin. Na danna maɓallin rediyo na ce, "Na ji. Ni ne na biyu, na rage gudu zuwa ɗari da ashirin."

Hannuna yana kan totur, wato abin ƙara wa inji wuta, har na fara ja da baya, sai manaja ya juyo.

"Kyaftin, me ya ce? Mu ne za mu bi bayan wannan abin mai tafiyar keke?"

"Haka ya ce, ranka ya daɗe."

"Ai ka fi shi gudu. In ka riga shi isa, dole su ba ka hanya. Ko ba haka ake yi ba?"

Ba haka ake yi ba, kuma na sani. Ba zan ɗora wa manaja ba, domin bai san aikin ba, tambaya ya yi. Amsar da ta kamata kalma ɗaya ce, a'a. Amma sai girman kai ya taso mini. A gaban mutumin da ke kirana Kyaftin, wanda aka ce idonsa bai kai ya tuƙa jirgi ba ne zai ce in ja baya in bi layi? Na ce a raina, ƙaramin jirgin nan yana can nesa yana rarrafe, in na ci gaba a haka zan riga shi isa bakin fili, sai in kira in ce ga ni, a sauya mana layi. Na ɗauke hannuna daga totur. Allura ta zauna inda take.

Na ji ɗan'uwana yana magana da ɗayan matuƙin, yana tambayarsa ko a tanadi motar asibiti a bakin titin jirgi, yana gaya masa yanayin iska. Ni bai sake kirana ba. Na fara gangarowa cikin farin gajimare, ruwa yana dukan gilashi, ba na ganin ko bakin fukafukina sosai. Ina shirin danna rediyo in ce na iso, sai gajimaren ya yage.

Jirgin yana ƙarƙashin hancina. Fari ne mai jan layi. Ya yi kusa har na ga taɓo a jikin tayoyinsa, na ga keyar matuƙin ta gilashin baya. Ni ina saukowa a kansa da gudun da ya kusa ninka nasa.

Daga hasumiya ya hango mu a tare. Ban taɓa jin an yi Hausa a rediyon jirgi ba sai ranar.

"Ɗan'uwa, hau sama! Dama, dama!"

Na tura totur har ƙarshe, na ja sitiyari, na kwanta dama. Jakar manaja ta zame ta bugi ƙofa, takardunsa suka watse. Na ji yana salati. Muka koma cikin gajimare.  Can sai muryar ta dawo, da Turanci, a natse kamar ba abin da ya faru, ta ba ni tsayin da zan hau da inda zan kewaya in jira. Bayan minti goma sha biyar ya ba ni izini na sauka.

Da na kashe injuna na fito, sai na ga matuƙin ƙaramin jirgin yana tahowa. Wani dattijon Bature ne da ke yi wa asibitocin mishan jigila, riga mai gajeren hannu, gashi duk fari. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a gabana ya ce, "Ɗana, gudu nawa kake yi?"

Na ce, "Ɗari da ashirin."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya juya. Wannan ne karo na farko da na faɗi ƙaryar ido da ido. Na biyu da na uku ba su yi mini wuya kamarsa ba. Na ɗaga kai na dubi hasumiya, na ga inuwar mutum a jikin gilashi, ban hau ba. A da duk zuwan da na yi sai na hau mun gaisa, ko na kai masa kifi daga gida. Ranar a cikin jirgi na zauna har manaja ya dawo daga taronsa.

Baturen ya rubuta rahoto, kamar yadda doka ta ce. Bayan mako biyu aka kira mu gaban kwamiti, mutum uku a bayan tebur, ni a wannan gefe, ɗan'uwana a wancan. Aka kunna kaset ɗin rediyo. Na ji muryata tana cewa na rage gudu, tsaf, babu gargada. Ƙaramin jirgi irin nawa ba shi da na'urar da ke ajiye bayanin gudu, saboda haka ba abin da zai ƙaryata ni. Da aka tambaye ni yadda na iso da wuri haka, na ce akwai iska mai ƙarfi daga bayana a cikin hadarin, kuma wataƙila nisan da na faɗa da farko kintace ne, bai cika talatin ba. Manaja ya aiko da takarda cewa ya ga na ja totur baya da idonsa. Gaskiya ne ya gani. Bai rubuta abin da ya biyo baya ba.

Sai aka juya kan ɗan'uwana. Me ya sa bai sake tambayata inda nake ba, alhali ya san jirage biyu suna cikin gajimare? Me ya sa ya yi Hausa a rediyo, harshen da ɗayan matuƙin ba ya ji? Ya amsa cewa duka biyun kuskurensa ne. Shugaban kwamitin ya ce, "Kana da abin cewa game da bayanin matuƙi?"

Ya ɗago ya dube ni. Ni takardar gabana nake kallo, amma na ji idonsa a jikina. Shirun ya yi tsawo har shugaban ya maimaita tambayar.

Ya ce, "Abin da ya faɗa ke nan, ranka ya daɗe. Ni ban ga allurarsa ba."

Aka dakatar da shi wata shida, aka ce sai ya sake zama jarrabawa kafin ya koma hasumiya. Ƙarin girman da ake shirin ba shi a ƙarshen shekara aka ba wani. Ni aka ce in riƙa lura da iska. Na fito na tarar da direban kamfani yana jirana, na shiga mota ban waiwaya ba.

Wata biyu na yi ina aikina kamar kowa. Na daina bi ta kan Yelwa, shi ke nan abin da ya sauya a zahiri. Da kaka ta yi na samu hutu na je gida. Kwana ɗaya da isowata, ina cin tuwon shinkafa a tsakar gida, Inna ta zauna a kujerarta ta 'yar tsugunno tana gyaran kuka.

"Ɗan'uwanka na ƙauye, ka sani? Matatai ta zo awo asibiti, ta biyo ta nan."

Na ce na sani.

"Mi ya same shi?"

"Wani abu ne na wurin aiki, Inna."

"Kai kana wurin?"

"Ina wurin."

Ta tsaya da gyaran kukar ta dube ni. Na sunkuyar da kai cikin kwano. Ba ta ƙara tambaya ba, sai ta ce jibi kasuwar Wara ce, akwai jirgin ruwa da safe. Ta ɗaure bandar kifi a takardar siminti, da kwalin sukari, da turmin atamfa na matarsa, ta ce in kai.

Jirgin irin manyan nan ne na katako masu inji a baya, an cika shi da buhunan gishiri da jarkokin manja da akuyoyi da mutane. Mai jirgin ya gane ni. Ya kori wani daga kan katakon da ya fi bushewa ya ce in zauna, sannan ya sanar wa kowa cewa yau da matuƙin jirgin sama za a tafi. Tun daga Yelwa har muka wuce tsibiran farko ana yi mini tambayoyi. Wata tsohuwa mai tallar daddawa ta ce, "Ɗan nan, ku kuna da ƙoƙari. Rayukan mutane a hannunku, tsakanin sama da ƙasa. Allah shi tsare ku." Na ce amin. Na juya ina kallon busassun itatuwan da ruwa ya cinye tun lokacin da aka datse kogi, kawunansu a waje, mai jirgin yana kauce musu ɗaya bayan ɗaya. Da za a ce in sauka a nan tsakiyar ruwa da na sauka.

A Wara wani malamin firamare ya goya ni a babur har ƙauyen. Mahaifin ɗan'uwana na fara tararwa, a gindin ɗorawa yana gyara rufin rumbu. Ya tsufa ƙwarai. Da ya gane ni ya saki ciyawar ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi ta kiran mutanen gida su zo su ga ɗan maigidansa. Nan take ya sa aka kama zakara. Ya yi wa Baba addu'a irin tasu, ya tambayi Inna, ya tambayi zauren ko har yanzu baƙi na sauka.

Sannan ya rage murya. "Ɗana, sun ce ɗan'uwanka ya yi kuskure a wurin aiki. Ni ban san aikinku ba, kuma ba ya gaya mini komai. Kai da Allah ya ɗaukaka a cikin abin, ka yi masa faɗa ya riƙa lura. Maganarka zai ji."

Na ce, "To, Baba."

A gona na sami ɗan'uwana, yana yankan dawa shi kaɗai. An riga an kwantar da karan, yana bi yana yanke kawunan yana tarawa. Ya rame, ya yi baƙi, sanye da tsohuwar rigar makarantarmu ta horo da hannunta ya yage. Ya ga tahowata tun daga nesa, bai daina aiki ba. Muka gaisa kamar waɗanda suka rabu jiya. Ya tambayi Inna. Na ce ta aiko da saƙo yana gida. Ya ce an gode. Sai ya zaro wata wuƙa daga ƙugunsa ya miƙo mini. Na naɗe hannun riga na kama layin da ke kusa da nasa, da takalmina na ofis, ƙaiƙayi yana shiga wuyana. Mun fi rabin awa muna yanka.

Ni na fara. Na ce, "Ɗan'uwa, ban rage gudu ba ranar nan."

Bai ɗago ba. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka sauka. Mil talatin a ɗari da ashirin minti goma sha biyar ne. A minti goma na gan ka. Iskar da za ta yi wannan da ta kwashe rufin hasumiyar. Kuma kai ba ka kintacen nisa, ni na koya maka lissafin."

Na tsaya da wuƙa a hannu. "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Sai a lokacin ya miƙe tsaye. Ya share gumi da gefen riga.

"In faɗa da wace shaida? A ce mai hasumiya ya yi kuskure yana neman wanda zai shafa wa? Kuma in sun yarda da ni, lasisinka ya tafi, in zo in dubi Inna in ce mata me? Amma ba wannan ne ba. Jiranka nake yi. Har mutumin nan ya maimaita tambayarsa ina cewa yanzu za ka buɗe baki. Har aka tashi ina jira."



Ya ce, "Sun ce ban sake tambayarka inda kake ba. Gaskiyarsu ne. Da wani matuƙi ne da na tambaya sau biyu, haka nake yi kullum. Da na ji kai ne, sai na ce wannan gefen ya zauna lafiya, na mayar da hankalina kan mai marar lafiya. Wannan kuskuren nawa ne, ban ba kowa shi ba."

Na ce ya yafe mini. 

Bai amsa wannan ba. Tambaya ya yi. "Wadda ke cikin jirgin, ka san ko wace ce?"

Ban sani ba. Wata biyu da rabi ina juya abin a raina, ina tunanin lasisina da sunana da abin da za a ce a Yelwa, ban taɓa tambayar ko wane ne marar lafiyar ba, namiji ne ko mace, ya rayu ko bai rayu ba.

"Mace ce, haihuwa ta gagara kwana biyu. Da mijinta da wata nas a ciki. Da na tashi aiki na je asibitin. An yi mata aiki, an ciro 'ya mace, dukkansu suna nan." Ya sunkuya ya ci gaba da yanka. "Mutum huɗu ne a jirgin, da na cikin ciki biyar. Ku kuma biyu."

Muka ƙarasa layin. Da za mu koma gida ya ce kada in gaya wa tsohonsa komai, ba zai gane ba, ɓacin rai kawai zai ƙaru. Game da yafiya kuma ya ce in bar shi tukuna, ba ya son ya faɗi abin da bai kai zuci ba. Na zauna a tabarma tsohon yana tura mini cinyar zakara yana cewa in ci, in ci, ban ci komai ba. Na ci. 

Zan so in ce washegari na je na faɗi gaskiya, amma sai da na ƙara mako uku. Na koma Shanga na ci gaba da tashi da sauka. Na rubuta takardar sau huɗu ina yagawa. Na gaya wa kaina cewa an riga an yanke hukunci, tonawa ba za ta amfani kowa ba. Na biyar ɗin ban sake karantawa ba, na sa a ambulan, na kai da hannuna ofishin shugaban kwamitin. Ya karanta a gabana, ya cire tabarau ya ce, "Ka san abin da wannan zai jawo maka?" Na ce na sani.

Aka karɓe lasisina na shekara guda. Kamfanin ya sallame ni a satin. Manaja ya kira ni ofis yana mamaki, ya ce, "Kyaftin, wa ya aike ka? Magana ta mutu ka je ka tono ta." Ɗan'uwana kuma aka mayar da shi hasumiya ba tare da jarrabawa ba, bayan ya riga ya yi wata huɗu a gida. Ƙarin girman bai dawo ba, wanda aka ba ya riga ya zauna. Maganar Hausar da ya yi a rediyo ma tana nan a fayil ɗinsa har ya bar aiki, ita da ta ceci mutum bakwai.

Na dawo Yelwa da akwatina. A ranar na gaya wa Inna komai, tun daga totur har gonar dawa. Ta saurara ba ta katse ni ba. 

Ta ce, "Uban yaron ga amana ya kawo gidan ga. A hannun mahaifinka ya sa shi, ina tsaye. Kunyar ba taka ba ce kai ɗai."

Inna tana tsoron ruwa. A bakin kogi aka haife ta, amma tun da tafkin ya cika ba ta taɓa shiga jirgi ba, ko biki ne a tsallake sai dai ta aika. Ran kasuwar Wara ta gaba na fito da safe na tarar ta yafa mayafinta na fita, da ƙullin goro a hannu. Na ce ai ɗan'uwana ya ce kada a gaya wa tsohon. Ta ce da ni ya yi wannan magana, ba da ita ba. Na ce to bari in raka ta. Ta ce in zauna. Na bi ta har bakin ruwa duk da haka, na tsaya ina kallo mai jirgi ya riƙe hannunta ta taka katako, ta zauna a tsakiya tsakanin buhuna ta rufe ido.

Kwana biyu ta yi. Ta dawo da zabi biyu da ƙwaryar dawa. Ba ta gaya mini abin da aka ce ba, ni kuma ban iya tambaya ba.

Ranin nan a rumfar wani kawuna na yi shi, ina jera bandar kifi a kwali ana lodawa motocin Kudu. A gari wasu suka ce jirgi na faɗar, wasu suka ce hassada aka yi mini. Wanda duk ya tambaye ni kai tsaye na gaya masa abin da ya faru, amma kaɗan ne suka tambaya. Da shekara ta cika na samu aiki a wani kamfani a matsayin mataimakin matuƙi, a kujerar dama, kuma na daɗe a nan kafin a sake ba ni jirgi. Ɗan'uwana an yi masa canji zuwa wani fili a Kudu, ya yi sauran aikinsa a can. Duk Kirsimeti in ya zo gida sai ya biyo ta Yelwa ya gaida Inna. In ina nan mukan zauna a zaure mu yi hirar yara da ruwan bana da tsadar taki. Yaransa suna ce mini Baba, nawa ma haka suke ce masa. Yanzu duk mun yi ritaya, shi yana noma a ƙauyensu, ni ina da 'yar gonar shinkafa a hanyar Shanga. Bara da ƙafarsa ta dame shi, ɗana ne ya kai shi asibiti a mota ya dawo da shi.